Yadda Kawu Ya Raka Babur Ɗinsa Gadarif

Shekarun baya, tun Jidda ba ta yi wannan faɗin ba, filin jirgin sama ma yana nan cikin gari, na taɓa sayen babur. Ja ne, ɗan Japan, mai madubi biyu, kuma har yau ban ƙara son wani ƙarfe kamar yadda na so shi ba.

Ni haihuwar Sudan ne, wani ƙauyen Hausawa da ke kudu da Gadarif. Na zo Jidda ina saurayi da iƙamar aiki, wato takardar izinin zaman baƙo, ina gyaran injin wuta da famfon ruwa a gidajen shaƙatawa na Abhur, can arewa a bakin teku. Kwana kuwa a unguwar Karantina nake, a wani ɗaki da ke jikin gidan kawuna, ƙanen mahaifiyata. Wanda ya san Jidda ya san tsakanin nan da can ba nan kusa ba ne. A wancan lokacin in ka fita ƙarshen gari ka hau hanyar Madina, babu komai sai rairayi da zafi da raƙuma jefi-jefi. Kullum ina bakin titi ina ɗaga wa motocin yashi hannu, wani ya tsaya, wasu su bule ni da ƙura su wuce. Shi ya sa da na tara ɗan abin da na tara, ban yi shawara da kowa ba na je na turo babur.

Ashe ba a wajen saye gizo ke saƙar ba, a ofishin murur ne, masu kula da ababen hawa. Suka ce mai iƙama irin tawa ba a rubuta masa istimara, wato takardar mallakar abin hawa, sai da amincewar kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa ya shigo ƙasar. Kafilina mutumin kirki ne, amma ba ya son jin ko sunan babur. Wani ma'aikacinsa ya taɓa karya ƙafa a kai, tun daga ranar ya rantse ba zai ƙara sa wa kowa hannu ba. Mutanenmu kuwa sun daɗe da gano maganin irin wannan: a rubuta da sunan ɗan'uwa mai tabi'iyya, takardar zama ɗan ƙasa. Babura da yawa a unguwarmu suna ɗauke da sunan tsofaffin da ba su san inda ake taka birki ba. Kawu yana da tabi'iyya. Na kai shi ofis da safe, ya dangwala yatsa, muka dawo, ni a kan babur shi a ƙafa, don ya ce bai ga abin da zai sa mutum mai hankali ya hau abin da ba ya iya tsayuwa da kansa ba.

Bari in ɗan gaya muku wane ne kawu, don labarin nasa ne fiye da nawa. Kakannina sun taso daga ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar Hajji, suka yi zango a Gadarif suna noman riɗi su haɗa guzuri, kamar yadda ake yi a da. Da lokacin ƙarasawa ya yi, sai suka bar mahaifiyata a hannun gwaggonta, tana yarinya, suka ce mata za su sauke farali su dawo. Auta kawai suka ɗauka, wato kawu, saboda bai isa a bar shi ba. Suka haye teku a kwale-kwalen filafilai, igiyar ruwa ta yi ta watsa su kwana da kwanaki. Farali an sauke, amma dawowa ba ta yiwu ba, duk su biyun a Hijaz ƙasa ta rufe musu ido. Kawu ya tashi a hannun mutanen unguwa, ya yi aikin sarar duwatsun teku da ake gina tsofaffin gidajen Jidda da su, har bayansa ya ce ya isa, sannan ya buɗe ɗan shago yana sayar da goro da turare. Tun wannan hayewar bai ƙara taka abin da ke yawo a kan ruwa ba. Shekara hamsin da wani abu, shi da yayarsa sai dai saƙon baki a wajen alhazai.

Na yi shekaru ina more babur ɗina. Kawu bai taɓa hawa ba, amma duk yamma in na dawo sai ya leƙo daga shago ya ce, "Ya waladi, yaya dukiyata? Ba ka wahalar min da ita ba ko?" Mu yi dariya. Wani lokacin in tarar ya sa tsumma yana goge madubi, yana gaya wa masu sayen goro cewa nasa ne, yaron nan kawai ya ba aro. Ni dai na ɗauka duk cikin wasa ne.

Sai ga saƙo daga gida cewa ƙarfin mahaifiyata ya fara raguwa, gona babu mai dubawa, ƙannena mata duk sun yi aure. Na yanke shawarar komawa gaba ɗaya, irin fitar da ake karɓe iƙama ba dawowa. Ba zan ɓoye muku ba, tun kafin in haɗa kaya na riga na gama shiga ƙauyenmu a zuci. Ina ganin kaina da farar riga da tabarau, ƙura na tashi a bayana, yara na bina da gudu, dattawan gindin bishiya suna tambayar ɗan wane ne wannan. A duk yankinmu a lokacin ban san mai babur ba sai wani jami'in gona. Wannan shigar ita nake so, kuma babu ita in babu babur.

Ina da wani aboki da sana'arsa ke nan, bin takardun mutane daga ofis zuwa ofis. Yana zama a ƙarƙashin laima da akwatinsa kusa da tashar jiragen ruwa. Ya saurare ni, ya ce hanya biyu ce. Ta farko, mai suna a istimara ya je gaban alƙalin takardu ya ba ni wakala, ya sakar min babur ɗin, a cire lambar Jidda a mayar wa hukuma, a ɗora shi a jirgi a matsayin kaya, in na isa Bur Sudan in biya kwastan ya zama nawa har abada. Ta biyu, wani littafi da ake kira tiriftik. Da shi abin hawa ke shiga wata ƙasa a matsayin baƙo, da lambarsa da komai, ba kwastan, amma dole mai shi ya kasance tare da shi, kuma in wa'adi ya cika ya fito da shi.

Na ce ta farko mana, ai kawu ba ya shiga ruwa.

Bayan la'asar na sami kawu a shago yana yayyafa wa goro ruwa. Na yi bayani tiryan-tiryan, ya saurara har na kai aya.

"Ba zan yi wakala ba," ya ce.

Na yi dariya, na ɗauka wasan nan ne na kullum. "Kawu, yatsa ne kawai za ka dangwala, kamar wancan karon."

"Wancan karon na dangwala na karɓa. Yanzu kana so in dangwala in rabu. La, ya waladi. Dukiyata ba ta ƙetare bahar ba ni."

"To ai kai ba ka shiga jirgi."

"Wa ya gaya maka?"

"Duk Karantina ta sani."

"Karantina ta ji da kanta. Halas, na gama magana." Ya juya ya ci gaba da goronsa.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na kwana biyu ba na cin abincin gidan, ina ta saƙe-saƙe. Na ce ashe tsohon nan da gaske yake yi duk shekarun nan, ya ga abu ya kwanta masa a rai, zai riƙe. Na kai ƙara wajen limamin unguwa, ya je ya dawo ya ce min, "Kawunka bai ce zai riƙe ba, cewa ya yi zai raka." Na tura abokinsa na kusa, shi ma ya dawo da wannan amsar. Ga ranar fitata tana matsowa, an riga an buga min hatimi, jirgi kuma ba kullum yake tashi ba.

Matar kawu ce ta warware min. Muna ce mata Khala, haihuwar Makka ce, Hausarta rabi Larabci. Ta aiko aka kira ni, na same ta tana tsince shinkafa a faranti, ba ta ko ɗago kai ba.

"Kai da wayonka na gyaran makina, ba ka iya karanta mutum ba?" ta ce. "Me zai yi da dabbab, babur ɗin nan naka, shi da ko jaki ba ya hawa?"

"To Khala, me yake so?"

"Yayarsa yake so. Duk shekara in alhazai za su koma sai ya haɗa tsaraba ya ce bana da shi za a je, in ya isa bakin mina, inda jirage ke tsayawa, ya ga ruwa sai ya ba wani saƙon ya dawo. Kuma ba ruwan kaɗai ba ne. Kunya yake ji. An ce mata za a dawo, shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka yi alkawarin, ya kuma tsufa bai cika ba. Da wane ido zai ce ya zo ziyara yanzu? Amma in hukuma ce ta ce dole ya bi dukiyarsa, ai ba shi ya kai kansa ba." Ta hure ƙaiƙayi daga farantin. "Yalla, je ka yi masa tiriftik ɗinsa, ka daina kumbura mana a gida."

Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Na ari sunan kawu na hau babur shekaru, yanzu ga aski ya zo. Na koma wajen abokina na ce hanya ta biyu za a bi. Na tambaye shi batun wa'adin fitowa, ya kaɗa hannu ya ce, "Kai dai ka shiga tukuna, in ka shiga sai a gyara a can, kowa haka yake yi." Ban tambaye shi wane ne kowa ba. Gaskiyar magana ma hanyar ta fara yi min daɗi, don a tiriftik ba a cire lamba. Na hango kaina ina shiga ƙauye da lambar Jidda a gaba da baya, wadda ko jami'in gona bai da irinta. Daga nan kunnena ya toshe.

Aka shiga zirga-zirga. Fasfo na kawu, hoto, allurar rigakafi, biza, mai tsaya masa cewa babur zai dawo. Wani maƙwabcinsa mai gidan burodi ne ya tsaya. A kowane ofis ni ke bin layi, ni ke zufa, in an zo wajen sa hannu sai in koma gefe kawu ya matso da yatsansa yana gyara zaman hula. A wajen mai hoto sai da aka ɗauka sau uku, don duk lokacin da fitila ta haska sai ya rufe ido ya yi salati.

Ranar tafiya aka tsiyaye man babur, aka sa shi cikin raga, ƙugiya ta ɗaga shi sama yana lilo a kan ruwa. Zuciyata ta bi shi. Kawu kuwa bai ga wannan ba, don tun daga ƙofar mina ya ja rawani ya rufe gefen fuskarsa da ke wajen teku. A kan tsanin jirgi ya tsaya cak, mutane suka taru a bayanmu suna ta "yalla ya hajj". Ya dafa kafaɗata. Na ce a raina shi ke nan, za a maimaita abin da Khala ta faɗa. Sai ya tambaye ni a hankali, "Dukiyata ta shiga?" Na ce ta shiga. Ya ce, "To ba yadda zan yi," ya ɗaga ƙafa. Ya samu wani lungu a tsakiyar jirgi inda ba a hango ruwa, ya juya fuska ga bango da carbinsa, bai tashi ba sai don alwala har muka ga gaɓar Sudan.

A kwastan na Bur Sudan jami'i ya buɗe littafin ya ce wane ne mai abin hawa. Kawu, wanda ɗazu ko tsayuwa ba ya iya yi, ya miƙe ƙirji ya ce shi ne. Jami'in ya nuna ni da alƙalami ya ce wannan fa? Kawu ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Direbana ne." Aka buga hatimi. A takarda kuwa ban ma kai direba ba.

Daga nan jirgin ƙasa ya ɗauke mu da babur har Gadarif, tafiyar da ba ta da ranar ƙarewa. A Gadarif na zuba mai, na wanke shi tas, na sa farar rigata da tabarau. Saura hanyar ƙauye, kuma ranar babu motar kasuwa. Kawu ya zagaya babur ɗin sau biyu kamar mai taya saniya, ya tattare riga, ya yi bismilla ya hau baya. Ya rungume cikina da ƙarfin mai sarar dutse har numfashina yana fita da ƙyar. Ƙasar wajenmu baƙar laka ce, da rani takan tsage, ko'ina rami. Duk ramin da muka faɗa sai ya ce, "Shuwayya shuwayya, a hankali ya waladi, ba gudu muka yi da kayan wani ba." Haka muka yi ta rarrafe. Wani mai jaki ya wuce mu ya yi mana sannu. Ƙurar da na yi mafarkin tayarwa ko tashi ba ta yi ba.

Mun shiga gari da yamma. Yara sun biyo mu, wannan kam ya tabbata, amma ba gudu suke ba, tafiya suke a gefenmu suna kallon tsohon da ya rufe ido. Na tsaya a ƙofar gidanmu, na murɗa mai sau biyu don a san na iso. Mahaifiyata ta fito tana dafa bango. Na cire tabarau ina shirin durƙusawa, sai na ga ba ni take kallo ba. Kawu ya sauko da ƙyar, ƙafafunsa sun sage, ya tsaya riƙe da gorar zamzam da ya rungumo tun daga Jidda. Suka tsaya suna kallon juna, tsoho da tsohuwa.

Ita ce ta fara magana. "Auta," ta ce, "an sauke farali lafiya?"

"Lafiya lau, Yaya."

"Kun daɗe."

Kawu ya durƙusa a ƙasa ya kama ƙafarta yana kuka kamar yaron da aka tsinto a kasuwa. Wata maƙwabciya ta rangaɗa guɗa, irin wadda ake yi wa alhajin da ya dawo, kafin ka ce me gida ya cika. Aka shige da shi ciki, aka shimfiɗa masa tabarma, tsofaffin da suka san kakannina suna ta shigowa da sanduna. Ni aka bar ni a waje da farar riga ina hana yara taɓa madubi. Sai can wani ya leƙo ya ce in kawar da abin nan daga ƙofa, yana tare wa baƙi hanya.

Kawu ya yi 'yan watanni. Kullum yana gindin yayarsa, yana ba ta labarin inda aka binne iyayensu, tana ba shi labarin yarintar da bai tuna ba. Ni kuma na shiga neman gyaran da abokina ya ce ana yi a can. A Gadarif suka tura ni Bur Sudan. A Bur Sudan suka yi min bayani cikin mutunci: baƙon abin hawa ba ya zama ɗan gida sai da shaidar cewa an mayar da lambarsa inda aka bayar da ita. Lamba kuwa ba a karɓarta a Jidda sai an ga babur ɗin da ido. In kuma wa'adi ya wuce bai koma ba, mai gidan burodin da ya tsaya mana shi za a kama. Ni ga shi an karɓe iƙamata, ba ni da hanyar bin sa. Babu wanda ya zalunce ni, komai yana rubuce a littafin tun ranar farko, ni ne ban karanta ba, ina can ina kallon lamba.

Da hannuna na tura babur ɗin cikin taragon kaya a tashar Gadarif. Kawu ya dafa ni ya ce da ya isa zai yi wakalar, a cire lamba a turo min. Na san da gaske yake. Amma abin ya yi ta jan ƙafa, yau babu mai rakiya, gobe dokar shigo da kaya ta canza, ni ma noma da aure suka ɗauke min hankali. A ƙarshe na aika masa cewa ya bar shi kawai ya sayar. Ya ƙi. Ya ajiye shi a zaure ya lulluɓe da tamfol, wai ba a sayar da abin da ya kai mutum wajen 'yar'uwarsa. Bayan wannan ya ƙara zuwa ƙauyenmu har sau uku kafin rasuwarsa, shi kaɗai, ba tiriftik ba dalili.

In matasa masu zuwa aiki ƙasashen waje suka tambaye ni shawara, abin da nake gaya musu bai da yawa. Duk abin da ka saya, ka duba sunan wa ke jikin takardar, kuma in an ce maka "sai a gyara a can", ka tambayi mai maganar ko ya taɓa zuwa can ɗin. Wannan shi ne darasin da ake iya ba wani. Sauran kuwa nawa ne. Da farko na ji zafin abin sosai, ba zan ce ban ji ba, na yi shekara ina jin haushin duk babur ɗin da ya wuce ni. Yanzu in na tuna ba na jin komai sai dariya, da ɗan sanyi a rai cewa wautata ta yi wa wasu amfani.

Shekaru bayan haka, mahaifiyata ta tsufa sosai, muna zaune a tsakar gida ana hirar kawu, na ce mata, "Inna, kin tuna ranar da na kawo miki shi a kan jan babur ɗina?"

Ta tuna gorar zamzam, ta tuna launin rawaninsa, har da wadda ta yi guɗa. Sannan ta dube ni ta ce, "Au, a kan babur kuka zo?"